Magani ko Maguɗi? Yadda Ake Ƙayyade Abin da Ke Shiga Jikin Dokin Tsere

Ranar 1 ga Mayu, 2021, wani doki mai suna Medina Spirit ya lashe Kentucky Derby, tseren da ya fi kowanne suna a Amurka. Bayan mako guda labari ya fito cewa an ga betamethasone a jininsa, wato wani maganin kumburi da likitocin mutane da na dabbobi ke rubutawa kullum. Abin da aka gani fikogiram 21 ne a kowace mililita ta jini, shi kuwa fikogiram sai an raba giram ɗaya gida tiriliyan kafin a same shi. Mai horar da dokin, Bob Baffert, da fari ya ce ba a taɓa ba dokin wannan magani ba, daga baya ya ce daga man shafawa ne da ake shafa masa saboda ciwon fata. A watan Disamba na shekarar dokin ya faɗi ya mutu bayan atisaye a filin Santa Anita na jihar Kalifoniya, kuma binciken gawarsa bai gano takamaiman musabbabi ba. A Fabrairun 2022 aka ƙwace nasarar, aka ba Mandaloun da ya zo na biyu.

Wanda ya ji labarin daga nesa dole kansa ya ɗaure. In maganin halas ne, me ya kawo ƙwace kofi? In haram ne, me ya sa yake cikin jakar kowane likitan dabbobi? Kuma wace irin illa ɗan digon da ido ba ya gani zai yi wa dabba mai nauyin kilo 500? Amsoshin waɗannan tambayoyi su ne ƙashin bayan sabon tsarin da Amurka ta fara aiki da shi a 2023, wanda ya raba kan masu dawaki, ya kuma kai su har Kotun Ƙoli.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Duk lokacin da aka ce "an kama doki da ƙwaya", ɗaya daga cikin abubuwa uku ne ya faru, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai haramtattun sinadarai, waɗanda ba a yarda a same su a jikin dokin tsere ba ko da rana ɗaya, yana gasa ko yana hutu. Cikinsu akwai sinadaran gina tsoka irin su stanozolol, da EPO mai ƙara jajayen ƙwayoyin jini don doki ya daɗe bai gaji ba. Wasu ma ba daga kantin magani suke fitowa ba. A 2007 an sami dafin gamsheƙa a wata barga a filin Keeneland na jihar Kentucky, wanda ake amfani da shi don kashe jijiyar da ke kai saƙon zafi. A 2012 kuma ɗakunan gwaji suka gano dermorphin a dawaki a Louisiana da wasu jihohi, sinadarin da asalinsa daga fatar wani kwaɗo ne na Kudancin Amurka, ya kuma ninka morphine ƙarfi sau da yawa. A kan wannan rukuni babu wata gardama. Kowa ya yarda maguɗi ne.

Sai magungunan jinya masu ƙa'ida: na rage zafi da kumburi irin su phenylbutazone da ake yi wa laƙabi da "bute", da allurar da ake yi a cikin gaɓa, da maganin gyambon ciki, da na kwantar da doki in za a yi masa aiki. Doki na da haƙƙin a yi masa jinya da su. Sharaɗin kawai shi ne ranar tsere kada ƙarfinsu ya rage a jikinsa. Betamethasone ɗin Medina Spirit a nan ya faɗa: halas ne a barga, laifi ne a fili.

Na uku shi ne abin da doki ya kwasa ba da sanin kowa ba, daga harawa ko dusa ko hannun mai kula da shi.

Hukumomi na aiki da ma'auni biyu don rarrabe waɗannan. Ɗaya tazara ce, wato kwanaki ko sa'o'in da za a bari tsakanin ba da magani da ranar gasa. Ɗayan kuma iyaka ce, wato adadin da in bai kai shi ba a jini ko fitsari ba a ɗauke shi laifi. Samfurin da aka ɗiba ana raba shi biyu, in na farko ya nuna wani abu, mai horarwa na iya neman a gwada na biyu. A saman duka akwai tsohuwar ƙa'idar da kusan duk ƙasashen da ke tsere suka yi tarayya a kai: duk abin da aka samu a jikin doki, alhakinsa na wuyan mai horarwa, ko shi ya ba shi ko ba shi ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba don wannan ba da babu wanda za a taɓa hukuntawa, domin doki ba ya ba da shaida.

Tsohon ciwo ne

Ingila ta hana ɗura wa dawaki ƙwaya tun 1903, bayan wani mai horarwa, George Lambton, ya ba wasu dawakinsa da gangan don ya nuna wa mahukunta yadda abin ke sauya doki. Kusan 1910 aka fara gwajin yawu a Ostiriya. Tun daga lokacin ake 'yar tsere tsakanin masu haɗa sinadari da masu gano shi. Ko ƙwace kofin Derby ba a kan Medina Spirit aka fara ba. A 1968 an ƙwace na Dancer's Image saboda bute.

Wani darasi ya zo daga Ingila a 2013, lokacin da jami'ai suka kai ziyarar ba-zata bargar Godolphin ta Sheikh Mohammed bin Rashid Al Maktoum, mai mulkin Dubai, a Newmarket, suka sami sinadaran gina tsoka a jikin dawaki 11, adadin da daga baya ya kai 22. An dakatar da mai horarwa Mahmood Al Zarooni shekara 8. Abin lura shi ne ba a ranar gasa aka kama su ba. Irin wannan sinadari yakan bar jini tun kafin tsere, amma tsokar da ya gina tana nan. Wannan ne dalilin da ya sa gwajin barga a lokacin hutu, da gwajin gashi wanda ke riƙe tarihin watanni, suka zama wajibi ga duk hukumar da ke son a ɗauke ta da muhimmanci.

Inda gizo ke saƙa

Mutane sun fi jin labarin haramtattun sinadarai saboda sun fi daɗin bayarwa, amma mafi yawan abin da gwaji ke kamawa magungunan jinya ne, kuma haɗarinsu ga ran doki bai gaza na wancan ba.

Ga yadda abin yake. Dokin tsere na gudun kusan kilomita 60 a sa'a, kuma a cikin kowane tsalle akwai lokacin da dukkan nauyinsa ke sauka a kan ƙafa ɗaya. Wannan duka na yau da gobe yana haifar da ƙananan tsagu a ƙashi, musamman a gaɓar da ke saman kofato. Jiki na gyara su da kansa: ya fara cinye ƙashin da ya lalace, sannan ya zuba sabo. Tsakanin cinyewa da zubawa wurin ya fi kowane lokaci rauni, kuma hutu kaɗai yake buƙata. Jihar Kalifoniya tun 1990 take binciken gawar duk dokin da ya mutu a filayenta, kuma abin da likitoci suka riƙa gani shi ne mafi yawan munanan karaya a kan tsohon rauni suke faruwa. Ƙashin ba rana ɗaya ya karye ba, ya daɗe yana ba da sanarwa.

Sanarwar kuwa ita ce ɗingishi, da zafi, da kumburi. Doki ba shi da wani baki da ya wuce waɗannan. In aka yi masa allurar kashe kumburi a gaɓa, ko aka ba shi bute daf da gasa, raunin na nan inda yake, sanarwar ce aka shafe. Likitan hukuma da ke duba dawaki da safiyar tsere zai sa a zagaya da shi, ya ga tafiya sumul, ya sa hannu. Shi kansa dokin bai san ya kamata ya sassauta wa ƙafar ba. Karayar da ke biyo baya sau da yawa ba ta ɗoruwa, domin doki ba ya iya daɗewa a kwance, in kuma ya daɗe a kan ƙafa uku sai lafiyayyun kofatan su kamu da ciwo. Barbaro, wanda ya ci Derby a 2006 ya kuma karye bayan mako biyu a tseren Preakness, an yi wata takwas ana jinyarsa da duk abin da kuɗi ke iya saye, ƙarshe sai da aka yi masa allurar mutuwa.

A nan amsar tambayar fikogiram take. Hukuma ba ta cewa ɗan digon da aka gani shi ya sa doki ya fi gudu. Tana ɗaukarsa sawu ne da ke nuna an ba da magani a cikin kwanakin da aka hana. Masu adawa kuma na cewa sawun ba ya faɗin ta wace hanya maganin ya shiga, ta allura a gaɓa ko ta man shafawa a fata, alhali tasirinsu ba ɗaya ba ne. Hukumar Kentucky ta ce dokarta ba ta bambanta hanya ba, a kan haka ta yanke hukunci.

Akwai kuma ɓangaren kuɗi. Yawancin tseren Amurka ba irin Derby ba ne, tseren ƙananan dawaki ne wanda duk dokin da ya shiga an sa masa farashi, kowa na iya sayensa kafin a tashi. A filin Aqueduct na New York, bayan an buɗe gidan caca a 2011, kuɗin kyautar irin wannan tsere ya yi tashin gwauron zabo, wani lokacin har ya zarce farashin dokin kansa. Dawaki 21 suka mutu a wannan hunturu. Kwamitin da gwamnatin jihar ta kafa ya gano cewa allurar gaɓa na hana likitoci ganin raunin da doki ke ɗauke da shi, ya kuma nuna cewa tsarin kyautar ya sa kasada da doki ta fi jinyarsa riba. Sabuwar dokar tarayya ta ɗauki darasin. Ta sa tazarar aƙalla kwana 14 tsakanin allurar gaɓa da gasa, da sa'o'i 48 ga magungunan rage zafi, ta kuma ce in dokin da aka saya ya mutu a fili ko ya fito yana ɗingishi, cinikin ya warware, ya koma wa mai shi na farko.

Lasix: gardamar da ta ƙi ƙarewa

Babu maganin da ya raba Amurka da sauran duniya kamar furosemide, wanda aka fi sani da Lasix. Masu ciwon zuciya da masu kumburin ƙafa sun san shi, shi ne maganin da ke sa yawan fitsari.

Idan doki ya kai ƙarshen ƙarfinsa a guje, bugun jini a ƙananan jijiyoyin huhunsa na hauhawa har wasu su fashe. In aka zura na'urar leƙe a maƙogwaro bayan tsere, akan ga jini kaɗan ko da yawa a mafi yawan dawaki. Ƙalilan ne nasu ke fitowa ta hanci a ga haɓo ƙuru-ƙuru. Lasix, in an yi allurarsa sa'o'i huɗu kafin gasa, yana zuƙe ruwan jiki ya rage wannan matsi. Jiha bayan jiha suka halasta shi, New York ce ta ƙarshe a 1995, har aka kai lokacin da sama da kashi 90 cikin 100 na dawakin da ke tsere a Amurka da shi suke fita.

Masu goyon bayansa, waɗanda akasarinsu masu horarwa ne da likitocin barga, suna da hujja mai ƙarfi. Wani bincike da aka yi a Afirka ta Kudu aka buga a 2009, inda aka sa kowane doki ya yi tsere sau ɗaya da maganin sau ɗaya ba shi, ya tabbatar yana rage zubar jinin. Suna cewa tunda an san ciwon, an san maganinsa, hana doki shi zalunci ne. Suna ƙarawa da cewa in an hana, wasu za su koma tsohuwar dabara ta hana doki ruwa na tsawon sa'o'i kafin gasa, wadda ta fi allura azabtarwa, kuma babu gwajin da ke kama ta.

Masu adawa ba su musanta binciken ba. Tambayarsu ita ce, in magani ne na masu ciwo, me ya sa kusan kowane doki ke karɓa? Amsar da suke bayarwa ita ce dokin da aka yi wa Lasix na zubar da fitsarin da ya kai kilo goma ko fiye kafin ya fita, a wasan da ake lissafin nauyin mahayi da sirdi har zuwa rabin kilo. Wanda bai ba nasa ba ya bar wa abokan hamayya rata, don haka kowa ke bayarwa. A da ma akwai zargin yana tsinka fitsari ya ɓoye wasu sinadarai, kodayake gwajin jini ya rage wannan damuwa. Hujjarsu mafi nauyi ita ce Ingila da Faransa da Japan da Hong Kong da Ostireliya da Dubai duk sun hana shi ranar gasa, kuma tserensu bai durƙushe ba. Dawakin Amurka kansu kan je Dubai su yi nasara ba tare da shi ba. A waɗancan ƙasashe dokin da ya yi haɓo hutu ake tilasta masa, in ya maimaita hutun ya ƙaru ko a yi masa ritaya. Akwai masu kiwo da ke ganin rufe ciwon da magani na sa ingarman da ke da raunin huhu ya yi suna, a sa shi barbara, ya yaɗa raunin ga 'ya'yansa.

Dokar tarayya ta bi tsakiya. Ta hana Lasix ga dawaki 'yan shekara biyu da kuma manyan gasanni, ta bar wa jihohi damar neman sassauci na shekara uku a sauran tsere yayin da kwamitin masana ke nazari, ta kuma ce bayan wa'adin ba za a sassauta hanin ba sai duk mambobin hukumar sun amince baki ɗaya.

Yadda Amurka ta kai ga doka ɗaya

Kafin 2020 Amurka ba ta da hukumar tsere ta ƙasa. Hukumomi 38 ne na jihohi, kowace da jerin magungunanta, da ɗakin gwajinta, da hukuncinta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: mai horarwar da aka matsa wa a nan sai ya loda dawakinsa a mota ya tsallaka iyaka. Jihohin kuma ba sa son tsanantawa, domin tsananin na korar dawaki zuwa maƙwabta, kuɗin shiga ya bi su.

Abu biyu ne suka karya wannan tsari. Daga ƙarshen Disambar 2018 zuwa Yunin 2019 dawaki 30 suka mutu a Santa Anita, har aka fara kiran a rufe tsere gaba ɗaya a Kalifoniya. Sai a Maris 2020 masu gabatar da ƙara na tarayya a New York suka tuhumi mutum 27, masu horarwa da likitoci da dillalai, da haɗawa da rarraba sinadaran da aka ƙera musamman don su kauce wa gwaji. An ɗaure Jorge Navarro shekara 5, Jason Servis shekara 4, likitan dabbobi Seth Fishman shekara 11. Servis ne ke horar da Maximum Security, wanda kwanaki kaɗan kafin tuhumar ya ci Kofin Saudiyya na farko a Riyadh. Mahukuntan Saudiyya suka riƙe kyautarsa ta dala miliyan 10, a 2024 suka soke nasarar suka ba goɗiya Midnight Bisou.

Abin da ya fi tayar da hankali a wannan shari'a shi ne ba ɗakin gwaji ne ya kama su ba. Sauraron wayoyinsu da FBI ta yi ne ya tona asiri. Dawakin sun yi ta wucewa ta gwaji suna fita da takardar tsabta. Na'ura ba ta ganin abin da ba a koya mata nema ba.

A Disambar 2020 majalisa ta zartar da dokar da ta kafa hukumar HISA, wadda kamfani ne mai zaman kansa da ke rubuta ƙa'idoji a ƙarƙashin sa idon FTC, hukumar kula da kasuwanci ta tarayya. Ƙa'idojin lafiyar fili sun fara aiki a Yulin 2022, na magunguna kuma a ranar 22 ga Mayu, 2023, a hannun wani sashe mai suna HIWU da ke ɗibar samfur, da bincike, da gurfanarwa. Haramtaccen sinadari na iya jawo dakatarwar shekara biyu da tarar dala 25,000. Ƙaramin kuskure a maganin jinya kuma, a karon farko, yakan tsaya a tara da ƙwace kyauta. Dole likita ya shigar da duk maganin da ya ba doki a rumbun bayanai ɗaya, ta yadda tarihin doki ke binsa duk jihar da ya je.

Abin da masu adawa ke cewa

Ƙungiyar masu horarwa da masu dawaki ta ƙasa, tare da wasu jihohi, sun kai ƙara cewa majalisa ba ta da hurumin miƙa ikon yin doka da hukunci ga kamfani mai zaman kansa. A Nuwambar 2022 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya. Majalisa ta gyara dokar a watan Disamba ta ƙara wa FTC iko. Wata kotun ta ce gyaran ya wadatar, waccan ta farko kuma a 2024 ta ce har yanzu ikon bincike da hukunci ya saɓa wa tsarin mulki. A Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta mayar da shari'o'in ga kotunan ƙasa su sake dubawa. Louisiana da West Virginia sun ci gaba da tsere a wajen tsarin bisa umarnin kotu, Texas kuwa ta gwammace ta daina tura hotunan tserenta zuwa wasu jihohi don caca, da ta shiga ƙarƙashin hukumar.

Ƙorafi na biyu kuɗi ne. Kasafin hukumar ya kai kusan dala miliyan 80 a shekara, kuma ba gwamnati ke biya ba, filaye ne da masu dawaki. Manyan filaye na iya ɗauka, ƙananan na cewa linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Masu goyon baya na nuna alƙaluma. A 2009, lokacin da aka fara tattara bayanai na ƙasa, doki 2 ke mutuwa a cikin kowace fita 1,000. A 2024 filayen da ke ƙarƙashin HISA sun ba da rahoton 0.90. Adalci shi ne a faɗi cewa adadin ya soma sauka tun kafin hukumar, kuma ba dokar magani kaɗai ke saukar da shi ba, akwai gyaran ƙasar fili da ƙarin duban likitoci da na'urorin hoton ƙashi. Mutuwar dawaki 12 a Churchill Downs, filin da ake Kentucky Derby, a bazarar 2023, wadda ta sa aka kwashe sauran gasannin zuwa wani fili, ta nuna aikin da sauransa.

Laifin da ba a san wanda ya yi ba

Ƙorafin da ya fi taɓa mutane shi ne na gurɓata, domin na'urorin yau na ganin abin da na shekarun baya ba sa gani. A 2014 an sami morphine a jikin Estimate, goɗiyar Sarauniya Elizabeth, aka soke matsayinta na biyu a gasar Ascot, kuma bincike ya danganta abin da gurɓataccen abinci. A 2020 Aidan O'Brien ya janye dawakinsa huɗu daga babbar gasar Arc ta Faransa saboda an gano haramtaccen sinadari a abincin kamfanin da yake saya. Justify, wanda ya ci manyan kofunan Amurka uku a 2018, an ga scopolamine a jikinsa bayan wani tsere a Santa Anita, hukumar Kalifoniya ta ce daga ganyen wani tsiro dangin zaƙami ne da ya shiga ciyawa, ta rufe maganar a asirce, sai bayan shekaru kotu ta sa aka soke masa nasarar wannan tsere.

Wanda ya san kiwon doki a ƙasar Hausa zai fahimci saurin faɗawa wannan tarko. Goro na ɗauke da kafeyin, wanda laifi ne a same shi a dokin tsere. Kanwar da ake ba dawaki dangi ce ga sodar da wasu masu maguɗi ke ɗura wa doki ta hanci kafin gasa don ta jinkirta gajiyar tsoka, abin da ya sa hukumomi ke auna yawan iskar kabon a jini. Abin da ke abinci a wannan barga na iya zama hujjar tuhuma a waccan.

A watannin farko na HIWU an dakatar da masu horarwa nan take saboda an ga metformin, maganin ciwon sukari, ko methamphetamine a jikin dawakinsu. Da yawa sun ce daga ma'aikacin da ke shan maganin ne, wanda ya taɓa linzami ko ya yi fitsari a barga. Dakatarwa ga mai dawaki goma na nufin masu su kwashe dabbobinsu kafin a saurare shi, ko an wanke shi daga baya sana'ar ta riga ta watse. Hukumar ta amsa kukan: ta jinkirta dakatarwa har sai samfur na biyu ya tabbatar, ta rage hukuncin ƙwayoyin da mutane ke sha, ta kuma tsayar da shari'o'in metformin don a yi nazari. Matsalar da ta rage ita ce duk ƙofar da aka buɗe wa mai gaskiya, mai maguɗi ma ya gan ta.

Waɗanda abin ke shafa

Mahayi ne na farko. Dokin da ya karye a tsakiyar gudu da mutum yake faɗuwa, na bayansa kuma su bi ta kansu. Mahayi ba ya cikin barga lokacin da ake allura, bai san abin da ke ƙarƙashinsa ba sai abin da likita ya faɗa, shi ya sa tazarar kwana 14 a wurinsa maganar ƙashin bayansa ce.

Sai 'yan barga, masu shara da wanka da ba da abinci, waɗanda yawancinsu a Amurka baƙi ne daga Meziko da Amurka ta Tsakiya. In an dakatar da maigida su ke fara rasa aiki, kuma yanzu maganin da suke sha don lafiyarsu ya zama abin da ake tambaya.

Masana'antar kanta a kan caca take tsaye, sama da dala biliyan 11 a shekara a Amurka, kuma daga nan kuɗin kyauta ke fitowa. Ko mutum na ƙyamar caca, lissafin a fili yake: ranar da masu zuba kuɗi suka yanke cewa sirinji ke cin tsere, za su koma wani wasan. Haka masu sayen 'ya'yan dawaki, domin farashin duƙushi a kan nasarorin ubansa ake gina shi.

Har wanda bai taɓa zuwa fili ba abin na iya isa gare shi. An hana bute shiga abincin ɗan Adam saboda yana iya lalata ɓargo, amma dubban dawakin Amurka, ciki har da tsofaffin 'yan tsere, ana tsallaka da su Kanada da Meziko don yanka. Tun Janairun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da naman doki daga Meziko, saboda babu amintacciyar takardar da ke nuna magungunan da aka ba kowace dabba a rayuwarta.